Kada a tono labarin wanda yaƙi ya ɗaiɗaita in ba za a raka shi har ƙarshe ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani aiki da ake yi da kyakkyawar niyya, amma sau da yawa garin gyaran gira ake rasa ido. Aikin shi ne taimakon waɗanda yaƙi ya shafa ta hanyar sa su ba da labarin abin da ya same su, ko su zana shi, ko su sarrafa hotunan da ke yi musu yawo a zuciya. Mu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ne da masu ba da shawara. Wasiƙar za ta yi tsawo, a yi mana uzuri, domin a wannan fanni ɓarna a cikin ƙananan abubuwa take ɓuya.

Ga abin da aka saba gani. Ƙungiya ta iso sansanin 'yan gudun hijira, ta tara mutum talatin ko arba'in a rumfa ɗaya, a ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani. A raba wa yara takarda da fensir mai launi a ce su zana ranar da aka kawo hari. A sha kuka, a ɗauki hotuna, kafin la'asar mota ta tashi. A daren nan matar da ta yi magana ba za ta runtsa ba, wadda ta saurare ta ma ta kwashi sabon tashin hankali ta ɗora a kan nata, kuma babu wanda zai dawo gobe ya tambaye su yadda suka kwana. An fama miki an bar shi a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa kada a yi irin zaman nan na lokaci ɗaya da ake matsa wa mutum ya amayar da komai jim kaɗan bayan abin ya faru, domin bincike ya nuna ba ya hana ciwon firgici kama mutum, wani lokaci ma jinkirta sauƙi yake yi.

Ba cewa muke yi shiru ya fi ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma ba da labari yana cikin magunguna mafi ƙarfi da ake da su a wannan fage. Sai dai magani ne mai ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana da dalili.

Ƙwaƙwalwa gida biyu take ajiye abin da ya faru da mutum. Akwai ajiyar da ke riƙe da rana da wuri da jeri: shekara kaza, a gari kaza, kaza ya fara faruwa sannan kaza ya biyo. Masana suna kiran ta tuni mai sanyi. Akwai kuma wadda ke riƙe da ƙarar bindiga, warin hayaƙi, bugun ƙirji, bushewar maƙogwaro da tunanin "yau kwanana ya ƙare". Wannan shi ne tuni mai zafi. A lokacin zaman lafiya su biyun a ɗaure suke da juna. Amma idan tsoro ya kai maƙura, sinadaran da jiki ke saki suna ƙara wa sashen ƙwaƙwalwa mai kaɗa ƙararrawar haɗari ƙarfi, suna kuma raunana sashen da ke liƙa wa abu kwanan wata da wuri. Sai mai zafin ya zauna a sake, ba shi da jiya. Shi ya sa idan iska ta buga ƙofa da ƙarfi, jikin mutum ba "na tuna" yake cewa ba, "ga shi yana faruwa" yake cewa. Kowane sabon tashin hankali kuma hawa yake kan na baya kamar tubali kan tubali, har su cuɗe, mutum ya kasa raba hayaƙin harin farko da na uku. Aikin labari shi ne ya kamo kowane guntun tuni mai zafi ya ɗaure shi a ranarsa da wurinsa. Labarin da aka fara aka yanke a tsakiya kuwa ƙararrawar kawai yake tayarwa.

Ba kowa ke buƙatar wannan magani ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 22 cikin 100 na mutanen da ke yankunan rikici suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar tsananin baƙin ciki, fargaba ko ciwon firgicin bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD. Kimanin kashi 9 ne lalurarsu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Mafi yawan mutane suna farfaɗowa idan sun sami tsaro, wurin kwana, labarin 'yan uwansu, makaranta ga yara da abin yi ga manya, kuma jagorar da hukumomin agaji na duniya suka amince da ita a 2007 waɗannan ta sa a matsayin tushe. A makonnin farko abin da ya dace shi ne a duba wa ke cikin haɗari, a saurari wanda ya so magana ba tare da an tone shi ba, a haɗa shi da abin da yake buƙata. A guji raba maganin kwantar da hankali irin su diazepam da danginsa don a samu barci. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta yi hani da hakan, ga shi kuma maganin yana da saurin kama jiki.

Wanda ake nema domin maganin ba da labari shi ne wanda ya wuce wata ɗaya abin yana dawo masa ido biyu ko a mafarki, yana gudun duk abin da ke tuna masa, yana zabura da ƙaramin motsi, har ya kasa aiki ko kula da iyalinsa. A tantance shi da tambayoyin gwaji da aka fassara aka kuma gwada a harshensa, ba da kallon fuska ba, don mai yawan kuka ba lallai ne ya fi mai shiru ciwo ba. Kafin a fara, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Mai wannan niyya a kusa, da wanda hankalinsa ya gushe yana jin muryoyi, da wanda ke zuwa a buge, duk sai an fara magance wannan tukuna. Haka matar da ake duka a inda take kwana: tsaronta ne a gaba.

Hanyar da aka fi gwadawa a sansanonin gudun hijira ita ce wadda ake kira NET (Narrative Exposure Therapy), wato magani ta hanyar ba da labarin rayuwa a jere. Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus ne suka tsara ta, suna ɗorawa a kan aikin wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a ƙasar Cile, Elizabeth Lira da Eugenia Weinstein, waɗanda suka riƙa rubuta shaidar mutanen da aka azabtar a mulkin Pinochet, suka wallafa sakamakon a 1983 da sunayen aro saboda tsoron hukuma. A gwajin da aka buga a 2004, wanda aka yi da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imvepi na Yuganda, bayan shekara ɗaya kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka yi zama huɗu na NET ne ciwon bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda aka yi wa nasiha da lallashi kawai kashi 79 ne. Mutum 43 ba su da yawa, gaskiya ne. Amma a 2008 an buga wani da aka yi a sansanin Nakivale na Yuganda da mutum 277 'yan Ruwanda da Somaliya, kuma abin da ya fi jan hankalinmu a ciki shi ne masu ba da maganin 'yan gudun hijira ne da aka horar mako shida, ba likitoci ba. A cikin waɗanda aka sake dubawa daga baya, kashi 70 na masu NET sun fita daga ciwon, kashi 65 na waɗanda aka yi wa wata hanyar da ita ma ke fuskantar abin da ya faru, sai kashi 37 na waɗanda ba a yi wa komai ba. Ke nan mutanen cikin al'umma za su iya, in an horar da su da gaske kuma akwai mai duba aikinsu.

Yawanci ana yin zama 8 zuwa 12, kowanne minti 90 zuwa 120, sau ɗaya ko biyu a mako, mutum ɗaya da mai ba shi shawara a ɗakin da ba a jin magana daga waje. Zaman farko na bayani ne: me ya sa jikinka ke yin haka, me za mu yi, kuma a faɗa masa gaskiya cewa a makonnin farko mafarkin yana iya ƙaruwa kafin ya ragu. Wanda ba a gaya wa haka ba, da ya ji ciwon ya motsa sai ya ɗauka maganin ne ke cutar da shi, ya daina zuwa a daidai lokacin da bai kamata ba.

A zama na biyu ake shimfiɗa igiyar rayuwa. Igiya ce ta kamar mita huɗu ko biyar a ƙasa. Bakinta ɗaya ranar haihuwa ne, ɗaya ɓangaren kuma a bar shi a naɗe, shi ne kwanakin da ba su zo ba tukuna. A ajiye duwatsu manya da ƙanana, da furanni. Mutum zai bi igiyar daga yarinta, ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane tashin hankali, wasu kuma suna ƙara kyandir a madadin wanda ya rasu. Ga tsofaffin mayaƙa akwai nau'in da ake ƙara sanda a inda shi kansa ya cutar da wani, kuma an yi aiki da shi a gabashin Kwango. Kowane dutse suna kawai za a ba shi, da shekara da wuri, a wuce. Babban kuskuren sabon ma'aikaci a nan yake: mutum ya ɗora dutse ya fara zuba, shi kuma tausayi ya hana shi tsayar da shi, sai lokaci ya ƙare ana tsakiyar harin. Abin faɗa shi ne, "Wannan dutse babba ne, za mu ba shi ranarsa shi kaɗai. Yau suna kawai za mu sa masa." Kada kuma a yi wa furanni riƙon sakainar kashi. Akwai wanda sai ya miƙe ya kalli igiyar daga sama yake tuna cewa ya yi shekaru masu yawa yana rayuwa kafin yaƙi ya zo.

Daga zama na uku ake fara labari tun daga haihuwa, a bi jeri. Shekarun lafiya a wuce su da ɗan sauri. Da an tunkari dutse sai a rage gudu. A ce dattijuwa ce a zaune. Ba za a ce mata "faɗa mini yadda aka kashe shi" ba. Za a fara da kewayen abin: "Inna, wace shekara ce? Da safe ne ko da yamma? Me kike yi kafin ki ji ƙarar farko? Wa ke kusa da ke, ina ƙofa take?" Wannan shi ne kafa turakun da za a ɗaure tuni mai zafi a jikinsu. Sannan a shiga a hankali, daƙiƙa bayan daƙiƙa: "Me idonki ya gani? Me kika ji da kunnenki? Wane tunani ya zo miki? A ina kika ji tsoron a jikinki?" Ana yi ana dawo da ita yau: "Yanzu da kike faɗa mini, ƙirjinki yana bugawa kamar ranar? A lokacin kina tsugune bayan katanga. Yanzu kina kan kujera, ga ni, ga taga a buɗe." Ƙafa ɗaya a can, ƙafa ɗaya a nan. Idan ta koma magana kamar abin yanzu yake faruwa, "ga su nan suna shigowa", a maimaita mata da sigar abin da ya wuce: "Sai suka shigo. Daga nan me ya faru?"

Inda mutum ya yi tsalle a labarinsa, ya ce "shi ke nan sai muka tsinci kanmu a daji", galibi a nan ciwon yake. A koma baya da tausasawa a cike gurbin. Sau da yawa ba mai labarin ne ke gudun wurin ba, mai sauraron ne ya tsorata, sai ya yi sauri ya ce "yi haƙuri, ya wuce". Haƙuri abu ne mai daraja, amma wanda ake faɗa don a rufe bakin mai magana koya masa yake yi cewa abin da ya gani ya fi ƙarfin kunnen kowa. Haka tambayar "me ya hana ki gudu?" ba ta da wuri a ɗakin nan. Jiki yana iya sandarewa a lokacin haɗari ba da zaɓin mai shi ba, kuma waɗanda aka yi wa fyaɗe da yawa suna shekaru suna zargin kansu a kan wannan sandarewar. A yi musu bayaninta ƙarara, a kuma bar su su zaɓi mace ko namiji ne zai saurare su.

Ba a tashi zama a ƙololuwar tsoro. Dole a ci gaba har labarin ya kai inda haɗarin ranar ya lafa, har an ga numfashi ya daidaita, kafaɗu sun sauka. Saboda haka ba a taɓa sabon dutse idan saura minti 20 a tashi, kuma ba a jera wa ma'aikaci mutane a kan layi kamar masu karɓar allura. Mai ba da shawara yana rubuta labarin da kalmomin mai shi, ba nasa ba. A farkon zama na gaba ya karanta masa, shi kuma ya gyara, ya ƙara abin da ya tuno. Wannan karatun ma magani ne, domin ji na biyu ba ya kai na farko zafi. A zaman ƙarshe a karanta duka daga haihuwa zuwa yau, a yi maganar ɓangaren igiyar da ke naɗe, mai labarin da mai ba shi shawara su sa hannu, a miƙa masa takardarsa. Sauƙin yakan ci gaba da ƙaruwa watanni bayan an gama, don haka a sake duba shi bayan wata uku, da shida, in da hali har shekara.

Akwai yanayin da kowane ma'aikaci ya kamata ya gane da wuri. Ana cikin magana sai idon mutum ya kafe wuri ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa, amsa ta riƙa jinkiri, jiki ya saki, ya ce ba ya jin ƙafafunsa ko yana ganin ɗakin kamar daga nesa. Wannan ba natsuwa ba ce, ficewa yake yi daga hayyacinsa, kuma yana iya suma. Kuskuren da ake yi shi ne a ce ya rufe ido ya saki jiki ya ja numfashi a hankali, abin da ke ƙara saukar da bugun jini. Akasin haka ake so. A kira sunansa da murya mai ƙarfi, a faɗa masa rana da wurin da yake, a sa ya danna ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗaure naman cinya da damtse ya saki ya sake ɗaurewa, a ba shi ruwan sanyi ya riƙe ko ya sha, a ƙara haske, ya lissafa abubuwa biyar da yake gani. Kada a taɓa jikinsa sai da izinin da aka nema tun farko. In ya dawo, a ƙarasa labarin yana motsa jiki, ko da a tsaye ne.

Inda ake aiki da tafinta, shi ma a horar da shi. Ya fassara jimla bayan jimla da bakin mai magana, kada ya taƙaita, kada ya gyara kalma mai nauyi don kunya. Kuma kada ya kasance ɗan uwa ko maƙwabcin mai labarin.

Yara kuma. Zane yana buɗe bakin yaron da ya rasa kalmomi, wannan ba shakka. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun ba yaran Darfur da ke sansanonin Chadi takarda da fensir mai launi, ba tare da an ce su zana yaƙi ba, sai ga jirage suna sakin bama-bamai da mahaya da bindigogi. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tattara zane kusan 500 irin waɗannan, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta karɓe su a matsayin shaidar yanayin da aka shiga. Darasin da ke ciki shi ne yaro da kansa zai fito da abin in ya shirya, ba sai an umarce shi ba. A ba shi farar takarda da launuka duka, a bar shi. In ya gama a ce, "Ba ni labarin zanen nan." Kada a yi masa fassara: yawan jan launi ba lallai jini ba ne, wataƙila shi kaɗai ya rage a kwali. Zanen da ke nuna kisa ba a liƙa shi a bango sauran yara su kwana suna kallo, a ajiye shi a jakar yaron, shi zai ce wa zai gani. Yaron da ke maimaita zane ɗaya mako bayan mako ba canji, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, a miƙa shi ga wanda ya koyi nau'in NET na yara, inda ake haɗa igiya da zane da 'yan kayan wasa.

Abin da malami ko ɗan sa-kai zai iya yi da rukuni cikin aminci shi ne bishiyar rayuwa, wadda Ncazelo Ncube 'yar Zimbabuwe ta tsara tare da David Denborough na cibiyar Dulwich a Ostareliya. Kowane yaro zai zana bishiya. Saiwoyi su ne asalinsa da waɗanda suka koya masa abubuwa, ƙasa ita ce rayuwarsa ta yau, gangar jiki abubuwan da ya iya, rassa burinsa, ganyaye mutanen da ke da muhimmanci a gare shi, 'ya'yan itace kuma alherin da aka taɓa yi masa. Sai a jera bishiyoyin su zama kurmi, kowa ya rubuta kalmar ƙarfafawa a kan ta ɗan uwansa. Bayan nan ne ake maganar guguwar da ke faɗa wa kurmi, a jam'i, ba tare da an nuna wani an ce ya faɗi tasa ba, a tattauna yadda yara ke kare kansu da wanda za su je wurinsa. A rufe da takardar yabo mai ɗauke da gwanintar kowane yaro. Wurare biyu ne ake tuntuɓe. Yaron da aka haifa a hannun mayaƙa ko bai san iyayensa ba, saiwoyi suna iya zame masa abin kunya, don haka tun farko a ce saiwa ita ce duk wanda ya raine ka ko ya koya maka wani abu. Sannan wanda ya rasu yana da ganyensa a kan reshe kamar kowa, kada a ce a zana shi a ƙasa a matsayin busasshen ganye.

Hotunan zuci ma ana sarrafa su. Gidauniyar Children and War da ke Bergen a ƙasar Nowe tana da tsari na zama biyar ga yara 'yan shekara 8 zuwa sama, da zama biyu ga iyaye. A ciki ana koya wa yaro ya ɗora hoton da ke damunsa a kan allon talabijin na zuci, ya rage masa launi, ya ƙanƙanta shi, ya tura shi nesa, ya kashe. Manufar ita ce ya gane yana da iko a kan hoton. Ana kuma koya masa gina wurin aminci a zuciya, da launinsa da sautinsa da ƙamshinsa, na minti biyar zuwa goma. Matsalar da ke yawan tasowa ita ce mutum ya zaɓi gidansu, alhali gidan ne aka ƙone, sai wurin amincin ya rikiɗe ya zama wurin harin. A tambaya tun kafin a fara, in haka ne ya ƙirƙiro wurin da bai taɓa kasancewa ba. Wanda rufe ido ke firgita shi ya bar nasa a buɗe, ya kalli ƙasa.

Ga mugun mafarki mai maimaituwa akwai dabarar da Barry Krakow da abokan aikinsa suka gwada a Amurka da mata 168 da aka ci zarafinsu, aka buga a 2001, inda zama uku ya rage yawan mafarkin. Mutum zai zaɓi mafarki ɗaya, ya fara da mai sauƙi-sauƙi ba mafi muni ba, ya canza shi yadda ya ga dama, ya rubuta ko ya zana sabon, sannan ya riƙa bitar sabon a zuciyarsa minti 10 zuwa 20 kullum, da rana yana farke. Sabon kaɗai ake bita, ba tsohon ba, kuma kada a haɗa fiye da mafarki biyu a mako. Canjin ya fito daga mai mafarkin, wanda aka tsara masa daga waje ba ya zama.

Sai batun mallaka, wanda ke ci mana tuwo a ƙwarya. Labari da zane da hoto na mai su ne. Izinin da mutum ya bayar yana tsaye a layin karɓar kayan agaji ba izini ba ne, domin yana tsoron in ya ƙi za a cire sunansa. A raba biyun sarai, a faɗa da baki cewa ƙin magana ba ya rage wa kowa komai. Takardun labari a sa musu lamba maimakon suna, a kulle su, jerin sunayen kuma a wani wuri dabam. Hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi, kuma waɗanda suka yi ɓarnar su ma suna hawa intanet. Fuskar yarinyar da aka sato aka sako, in ta shiga Facebook, ba ta fitowa, tsangwamar kuma ita za ta zauna da ita shekara da shekaru. In mai labari ya so a kai shaidarsa kotu ko ga masu kare haƙƙin ɗan Adam, wannan shawara ce dabam da za a yi bayan an gama magani, a bayyana masa haɗarin, kuma yana da damar janyewa.

Ma'aikatan ma mutane ne. Wanda ke sauraron kisa da fyaɗe dalla-dalla kullum yana iya fara mafarkin abin da bai gani ba. A ganinmu zama biyu ko uku masu nauyi sun isa ma'aikaci a yini, kuma ya sami ƙwararren da zai zauna da shi kowane mako su bi aikin ɗaya bayan ɗaya. In shi ma yaƙin ya taɓa shi, a fara yi masa nasa maganin kafin a ba shi na wani.

Roƙonmu ga shugabannin sansanoni da hukumomin da ke ba ƙungiyoyi izinin shiga shi ne su riƙa tambaya kafin su buɗe ƙofa. Wa ya horar da ma'aikatanku, na tsawon wane lokaci? Zama nawa za ku yi da kowane mutum, kuma kuɗin aikin zai kai ku ƙarshensa? Wa ke duba aikinku? Ina za ku kai wanda ya ce zai kashe kansa a daren yau? Ina labaran da hotunan za su tafi? Ƙungiyar da ta amsa waɗannan a ba ta ɗaki mai ƙofa da lokaci isasshe. Wadda kwana ɗaya kawai take da shi, a ba ta aikin da ya dace da kwana ɗaya: wasa da yara, bishiyar rayuwa, bayani ga iyaye a kan abin da firgici ke yi wa jiki, da tattara sunayen masu buƙatar a tura su gaba.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara